Ranar Da Na Kira Sunan Malam

Mu mutanen Kura mun san irin sanyinmu. Yakan zo ne lokacin da alkama ta rufe ƙasa, a hura wuta a tsakar gida, a sha kunu mai zafi, hantsi na yi kowa ya yar da bargo. Malam, mijina, har murna yake da shi, don a cewarsa alkama ba ta yin ido sai ta sha sanyi. Shi ya sa da autanmu ya ce zai kai mu kan dutse mu ga dusar ƙanƙara, na ce masa, "Kai dai ba ka da aikin yi. Asibiti ka kawo mu ko kallo?"

Asibitin ne ya kai mu Turkiyya, inda autan yake sarin kaya. Malam ya fara mantuwa. Da farko dariya muke yi, mutum da hula a ka yana zagaye gida yana neman hula. Daga baya ya tafi ban ruwa a gonar da ya sayar tun yara suna ƙanana, har ya yi faɗa da mai ita. Wata rana kuma masu ɗaukar tumatir suka tsinto shi a bakin babban kanal na ban ruwa ta hanyar Bunkure, yana zaune bai san hanyar gida ba. Ni dai har lokacin yana gane ni, yana ce min Malama kamar kullum. Abin da nake roƙon Allah ke nan ya bar min, ko da komai zai tafi.

Likitan can ya yi hoton kai, ya yi dogon bayani, autan ya taƙaita min a bakin ƙofa. "Umma, ya ce cutar ba ta warkewa, sai dai a rage mata gudu. Kuma wai in ya rikice a riƙa kiransa da sunansa na yanka, shi ne yake daɗewa bai goge ba."

Na ce, "Sai ku yi ta kira. Ni da bakina?"

Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa furta sunan nan ba. A Islamiyyar da nake koyarwa, duk yaron da ya zo da shi, mai sunan Malam nake ce masa har ya yi sauka. Ba wanda ya sa ni dole, haka na ga uwata ta yi, kuma ina jin daɗin abina.

Masaukin da autan ya kai mu na katako ne, can a ƙololuwar dutse, sai an hau wani akwati mai rataye a waya ake isa. Na rufe ido ina salati har muka sauka. Ciki akwai murhu da manyan tagogi, ga matasan ma'aurata riƙe da hannun juna, wasu sun ɗaura katako a ƙafa suna sulalawa a gangare ba gaira ba dalili. Ni kuwa ga ni da zani, safa kan safa, da wata jibgegiyar riga ta autan. Ya dube mu ya ce, "Hutun ma'aurata ne, Umma, ke da angonki." Na ce ya kiyaye ni.

Malam ya tsaya a taga ya daɗe. Can ya ce, "Innalillahi. Kanwa ta cinye gonar mutane."

A wajenmu, in ruwa ya yi ta kwana a gona ba mafita, ƙasa takan yi fari fat, daga nan ko ciyawa ba ta ƙara fitowa. Abin da ya gani ke nan, daga bakin taga har iya ganinsa. Na ce masa ƙanƙara ce, daga sama take zubowa. Ya gyaɗa kai. Ba a jima ba ya sake cewa, "Wa ya bar ruwa ya kwana haka? Ba su da magudana ne?" Na sake bayani, ya sake gyaɗa kai. Haka muka wuni.

Duk da haka mun sha shayi a gaban murhu, ya gutsura burodi ya miƙo min babban ɓangaren, ya ce, "Malama, wannan sanyi na alkama ne." Na ji daɗi har na juya baya don kada ya ga idona.

Washegari da hantsi autan ya sauka gari karɓo magani. Na shiga kewaye na bar Malam yana gyangyaɗi a kujera. Ina fitowa na ga ƙofa a buɗe. Rigar sanyinsa tana nan a rataye, silifas ɗinsa ne babu.

Na fita a guje. Na kama hannun wata ma'aikaciya ina cewa, "Mijina, tsoho, farar riga!" Ta yi murmushi ta nuna min ɗakin cin abinci. Na yi Hausa, na yi ɗan Larabcin da na iya, na kwatanta gemu da hannu, ita dai murmushi. Ban taɓa jin bakina ya zama banza kamar ranar ba. Na sake ta na faɗa waje.

Farar riga a cikin farar ƙasa, da ƙyar na hango shi. Ya tsallake igiyar da aka gitta don kada mutane su wuce, yana can ƙasa a gangare, a sunkuye, yana jan layi da wani reshe. Magudana yake haƙa wa mutane. Yana haƙawa yana ja da baya, bayansa kuwa ƙasa ta ƙare, sai rami da kan bishiyoyi.

Na taka, ƙafata ta nutse har gwiwa. Na zaro ta, ɗayar ta nutse, na kife. Gwiwar da ta sa ko sallah sai a zaune nake yi ta ƙi ɗaga ni.

"Malam!"

Bai waiwayo ba.

"Alhaji! Baban yara!"

Ko gezau. Ya ƙara ja da baya.

Sunan nan na yanka kaɗai ya rage min. Wallahi ko a wannan hali sai da na ji kunya, na waiga ko akwai mai ji, a ƙasar da ba mai jin Hausa. Ban ma san yadda zan ɗora shi a harshena ba. Muryar da na sani da shi guda ce, ta surukata, Allah ya jiƙanta, in ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kiransa tana jan ƙarshen. Da ita sunan ya fito daga bakina.

Ya yar da reshen nan take ya miƙe.

"Na'am, Inna!"

Ya hauro da sauri, silifas ɗaya ya cire bai kula ba. Ya durƙusa a gabana yana haki, hannuwansa sun yi jawur, yana kallon ƙasa.

"Inna, ba ni na bar ruwan ba."

Na dubi fuskarsa ina jira ya ɗago ya gane. Ya ɗago, ya dube ni sosai, yana jiran hukunci.

Na ce, "Na sani. Tashi mu je gida."

Shi ya ɗaga ni. Sai a lokacin ma'aikatan suka fito da barguna, suna ta surutu. Aka gasa masa ƙafa, yatsunsa ba su yi komai ba. Da autan ya dawo ya yi ta godiya ga Allah, ya tambaye ni yaya aka yi ya juyo. Na ce kira na yi.

Na yi zaton in mun dawo Kura, ya ga ɗakinsa da kanal da alkamar maƙwabta, abin zai sake shi. Bai sake shi ba. Da safe yakan gaishe ni a durƙushe, in na ba shi abinci ya karɓa da hannu biyu. Na gwada yin kwalliya, na gwada tsokanarsa irin ta da, sai ya sunkuyar da kai don ladabi.

Wani lokaci da la'asar yakan leƙa ɗakina, ya duba bayan ƙofa, ya dawo ya zauna kusa da ni.

"Inna, wai ina Malama ta shiga ne? Ta daɗe."

Sai in ce masa tana nan tafe.