Goron da Na Dafa a Hanyar Bawku

Ya Edita, a shekarar da aka gama babban yaƙin nan ni saurayi ne da bai daɗe da fitowa daga makarantar koyon sana'a ta bakin teku ba, da takardar shaida a akwati, da kuma girman kai wanda a lokacin nake ɗaukarsa ilimi ne. Na ɗan yi aiki a ma'aikatar gyaran injuna ta soja, sa'an nan na koma Salaga wurin kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Gidanmu yana cikin tsofaffin gidajen Hausawan garin, masu fataucin goro tun zamanin jakuna, kuma ina tinƙaho da cewa Hausarmu ba ta gauraya ba, har ta kai idan mutum yana yi mini magana, kafin in fahimci nufinsa na gama ƙirga kurakuransa. Na rubuto ne in bayyana wani zalunci da na yi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin babu mai laifi a ciki sai ni.

Kawuna yana da babbar mota mai bodin katako da ya saya a gwanjon kayan soja. Tana ɗaukar goro daga Salaga ta bi ta Yendi zuwa Bawku, ta komo da gyaɗa da albasa. Aibinta ɗaya ne: a hanyar komowa, idan ta iso hawan dutsen Nakpanduri, sai ƙarfinta ya ƙare, fasinjoji su sauka su hau da ƙafa, ana bin ta da duwatsu ana tokare tayoyi. Ni kuwa na zo da wata na'ura da na ciro daga mataccen injin jirgin ruwa, wadda ma'aikata suke kira katantanwa saboda siffarta. Aikinta shi ne, hayaƙin da inji yake fitarwa, maimakon ya bi salansa ya watse a banza, sai a karkato shi ta bututu ya bugi wata ƙaramar farfela. Farfelar tana juya 'yar'uwarta da ke kan sanda ɗaya da ita, ita kuma ta tura iska mai yawa cikin injin, ƙarfinsa ya ƙaru. Da na bayyana wa kawuna, ya ce shi bai gane ba, amma tun da hayaƙin nasa ne kuma ba ya sayar da shi, in gwada.

Babu wurin da katantanwar za ta zauna kusa da injin, saboda haka na ɗaura ta a bayan kan motar, na ja bututun hayaƙin ta ƙarƙashin katakon gaban bodi. A nan laifina na farko yake. An koya mini, kuma na rubuta da hannuna a littafi, cewa hayaƙin da aka tare kafin ya kai farfela ya fi na salansa zafi nesa ba kusa ba, kuma wajibi ne a naɗe bututun da igiyar nan da ba ta cin wuta, a kuma sa farantin ƙarfe tsakaninsa da katako. Igiyar sai daga Kumasi, sai an jira mako biyu. Ni kuwa direbobin tasha sun riga sun fara yi mini ba'a, suna ce mini Masta mai dafa hayaƙi, suna tambayata ko da gishiri ake cinsa. Na ƙagu in rufe musu baki, sai na ce an gama aiki.

Akwai wani tsoho a gidanmu, mutumin ƙasar Moshi, wanda ya zo tun yana matashi yana kora wa kakana jakuna. Shi ke ɗaurin huhu, wato shirya goro a cikin ganye a ɗaure shi yadda zai yi tafiya bai bushe ba, bai kuma ruɓe ba. Fatake daga wasu gidaje sukan roƙi kawuna aronsa, kuma a Bawku idan aka ce shi ya ɗaura huhu, dillali ba ya kwancewa kafin ya yi ciniki. Ba shi da gona, ba shi da shago. Wannan sunan shi ne dukan abin da ya mallaka. Hausarsa kuwa ta zango ce, ba ya bambanta mace da namiji. Muna kiransa Baba, amma a raina ban ɗauke shi mai sanin kome ba.

Ranar lodi, bayan mun zagaya gari da motar don gwaji, Baba ya hau bodi ya cire takalmi ya taka katakon gaba, ya daɗe a tsaye. Can ne yake jera farin goro mafi kyau, domin wurin ya fi ƙarancin jijjiga. Ya kira ni ɗan maigida, ya ce motar nan tana zazzaɓi, ya kuma tuna mini cewa goro jinjiri ne, ba ya son zafi ko kaɗan. Na amsa masa da dogon bayani cewa idan mota tana gudu iska tana kwashe zafi ta yi baya da shi. Ya ce shi bai san iska ba, amma ƙafarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Direba ya yi dariya, ya ce Baba ya bar wa masu takarda aikinsu. Baba ya shimfiɗa ƙarin tabarma biyu, ya jera huhunan, muka kama hanya.

Motar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, direba yana ta buga sitiyari don murna. Mun isa Yendi bayan azahar, muka sauka a gidan wani malami abokin kawuna. Da aka idar da salla Baba ya kwance huhu ɗaya don ya yayyafa ruwa, ya tarar ganyen ƙasa ya yi laushi kamar an turara shi. Ya same ni a gefe, ya yi magana a hankali don kada wani ya ji. Ya roƙe ni a sauke kayan a sake jeri, a mai da goron baya, buhunan gishirin da muka ɗora a baya su dawo gaba. Aikin yini ne, kuma kasuwar Bawku ta kusa ci, in ta wuce sai bayan kwana uku. Idan muka rasa ta, kowa zai tambayi dalili. Na ce masa bari in duba. Na shiga ƙarƙashin motar, na ga katakon da ke saman bututun ya yi baƙi, wani wuri har ya fara tsagewa. Na fito na kakkaɓe rigata, na ce masa kome lafiya, zafin rana ne. Ya dube ni, ya ce to, ya tafi ya ƙara wa huhunan ruwa. Da na saurare shi a wannan yammacin, da yawancin goron ya tsira.

A Bawku mai masaukinmu ya tara dillalai, aka fara sauke kaya. Huhunan baya lafiya lau. Da aka zo na gaba, tun kafin a kwance wani wari mai tsami ya tashi. Farin goron nan ya koma ruwan ƙasa, ya yi taushi, idan an latsa sai ya nutse. Wani dillali ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ce a kawo manja da barkono, tun da mutanen Salaga sun fara aiko da dafaffe. Mai masaukin bai yi dariya ba. Ya tambayi wanda ya ɗaura, aka nuna Baba, amma ba wanda ya yarda laifin daga gare shi ne. Sai mai masaukin ya juyo gare ni, ya ce Malam, kai ne ɗan gida kuma kai ne mai karatu, me ya faru? A nan na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na gyara murya, na zaɓi kalmomi masu kyau, na ce a ganina ruwa ne ya yi yawa kuma ɗaurin ya matse, goron ya gumu. Na ƙara da cewa na ga ana ƙara ruwa a Yendi, kuma kada a zargi kowa, domin tsufa ba laifi ba ne. Na faɗe shi cikin ladabi da tausayi, shi ya sa aka gaskata. Aka tambayi Baba, ya ce ɗan maigida ya yi karatu, ya fi shi sani. Ya durƙusa ya ci gaba da tsince 'yan goron da suka rage.

Kafin mu juyo na nemi tsohon kwanon rufi da yumɓu, na rufe bututun, na ce wa direba kariya ce daga tsakuwa. Da muka iso Nakpanduri motar ta haye dutsen da cikakken lodi, ba wanda ya sauka. Mata suka yi guɗa, wani fasinja ya cire hularsa ya ɗora mini. Baba yana can baya a kan buhunan albasa, ya ba mu baya yana kallon hanyar da muka baro. Abin da na yi wata da watanni ina mafarki ke nan, amma ko sau ɗaya ban iya waiwayawa ba.

Labari ya riga mu isa gida. Kawuna bai yi wa Baba faɗa ba, kuma ina jin da faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce masa ya huta haka nan, ya riƙa zama a zaure yana karɓar baƙi, aka ba wani mutum aikin ɗaurin. Fataken da suke layi don aronsa suka daina zuwa. Nakan wuce shi da safe yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa, ana ɗaurin huhu a tsakar gida yana kallo, idan aka yi kuskure leɓensa ya motsa amma ba ya cewa kome. Kullum sai ya gaishe ni kafin in gaishe shi. Bayan wata biyu ya yi sallama, ya ce zai koma Yendi wurin 'yarsa da ke aure a can. Na taya shi ɗaura kayansa a motar.

Ina so in ce nadama ce ta sa na tona kaina, amma ba haka aka yi ba. Da damina ta wuce kawuna ya kira kafinta ya sake katakon bodi. Kafintan ya shigo zaure da katako biyu da suka zama gawayi ta ƙasa, ya ajiye a gaban kawuna, yana tambaya cikin raha ko Alhaji ya buɗe wurin gashin nama a ƙarƙashin motarsa. Kawuna ya juya katakon, ya tambayi daga wane gefe aka ciro su, aka faɗa masa. Ya sallami kowa, ya bar ni. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko na gani tun a hanya. Na ce na gani tun a Yendi. Sa'an nan ya ce asarar goro ba ta dame shi ba, ya sha yin wadda ta fi ta. Abin da ya dame shi shi ne na sa shi ya wulaƙanta mutumin da ya goya shi a kan jaki. Ya ce a kasuwar Bawku na yi maganar, a can zan je in warware ta, da katakon a kaina, amma in fara tsayawa a Yendi.

Na sami Baba a ƙofar gidan surukinsa yana tufka igiya. Na durƙusa na faɗi kome. Ya ce in tashi, ƙasa da datti, wandona na 'yan makaranta ne. Ya ce ai ya sani tun ranar, domin ya ga fuskata sa'ad da na fito daga ƙarƙashin motar. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa a Bawku. Ya ce da zai buɗe baki, da ɗan gidan da ya ci tuwonsa shekara da shekaru zai ƙaryata a gaban baƙi, kuma ko ya faɗa, wa zai bar maganar mai takarda ya kama tasa? Ya ce ya yafe mini duniya da lahira. Na isar masa da saƙon kawuna cewa ya dawo bakin aikinsa. Ya girgiza kai, ya ce yanzu duk huhun da ya ɗaura sai an kwance an duba, ko da a ɓoye ne, shi kuwa ba zai iya tsayawa yana kallon haka ba.

Na je Bawku ranar kasuwa, na ajiye katakon a gaban dillalai na faɗi gaskiya. Waɗansu suka yi salati, waɗansu suka yi dariya, mai masaukin ya ce Allah ya kyauta, aka ci gaba da ciniki. Rabin waɗanda suka ji maganata ta farko ba sa nan, sun kai ta garuruwan da ba zan taɓa zuwa ba.

Abin da na koya shi ne, kuskuren bututu kuskuren aiki ne, kowane ma'aikaci yana iya yinsa, kuma da kwano da yumɓu na gyara shi cikin sa'a guda. Wanda ya ƙi gyaruwa shi ne wanda na yi da baki. Ina jan kunnen 'yan'uwana da suke fitowa daga makarantu yanzu: mutanenmu suna gaskata mu fiye da yadda muka cancanta, kuma kalma ɗaya daga gare mu tana iya rushe abin da wani ya gina tun kafin a haife mu. Idan wanda ya daɗe a kan aiki ya ce muku wani abu ba daidai yake ba, ku tsaya ku duba, kome karyewar harshensa. Idan kuma aikinku ya ɓaci, ku faɗa a wurin, a ranar, kafin laifin ya sami wanda ba shi da bakin kare kansa. Ni na yi jinkiri, kuma har Allah ya karɓi ran Baba a bara, bai sake ɗaura huhu ko ɗaya ba.