Na koyi rarrafe ina da shekara takwas

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban yi rubutu a nan ba, kuma abin da zan faɗa yau ko aminaina ba su san shi ba. Makon jiya wata ƙawata ta kira ni tana kuka, wai an ce ɗanta daƙiƙi ne, ba ya iya zama a aji. Shi ya sa na ga lokaci ya yi da zan buɗe baki.

A Potiskum na taso, a tsakiyar shekarun 1990. Babana bakaniken manyan motoci ne. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Inna kuwa, mahaifiyata, 'yar Gadaka ce.

Inna ta ce ban taɓa rarrafe ba. Daga jan gindi sai na miƙe, har ana yaba saurina.

Da na shiga firamare ne abin ya fito fili. Ko ƙofa aka buga sai hannayena su watse, gabana ya yi ta faɗuwa. In na juya kai zan dubi allo, hannuna ya miƙe da kansa, rubutun ya fita daga layi. Fensir kuwa danna shi nake har ya karye. Ga fitsarin kwance ina shekara takwas.

Na sha bulala. Na sha rubutu, an yi mini hayaƙi, wasu suka ce iska ce. A aji uku malaminmu ya ba Baba shawara ya bar ni a gida, kada a ɓata lokaci.

Washegari Baba ya rufe gareji, ya goya ni a babur muka tafi asibiti.

Muka yanki kati, muka bi layi. An ɗebi jini, an duba ido, an duba kunne, duk lafiya lau. Na tuna yadda tsoro ya kama ni, don na ɗauka tunda ba a ga komai ba to laifina ne. Sai likitan ya tura mu ɗakin gashin ƙashi, can ƙarshen baranda.

Har yau ina jin ƙamshin man zafi na ɗakin nan. Wata mata ce a ciki, Anti Saratu, doguwa mai tabarau. Ta sa na durƙusa da hannu da gwiwa, ta juya kaina a hankali, sai gwiwar hannuna ta lanƙwashe na kife. Ta sake, na sake kifewa.

Ta dubi Baba ta ce, "Malam, 'yarka ba ta da iska, kuma ba daƙiƙiya ba ce. Akwai motsin da ake haifar kowane jariri da shi, ya ɓace kafin ya shekara. Nata ne bai tafi ba. Za mu gwada motsa jiki, amma ban yi maka alkawari ba."

Ba allura, ba ƙwaya. Rarrafe, jan ciki, mirginawa, sai kuma in dunƙule jikina in buɗe sannu a hankali. Kullum da safe a gida, duk sati biyu mu koma ta duba.

Kwana uku na yi na ƙi. Yaran maƙwabta sun leƙo sun ga ƙatuwar yarinya tana rarrafe, dariya ta cika layinmu. Inna ma kunya ta hana ta tsayawa a kaina.

Da Baba ya dawo daga sallar asuba aka gaya masa. Ya cire hula, ya naɗe wando, ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya durƙusa.

Ya ce, "Uwata, zo mu yi tsere. Amma wanda ya riga isa shi ya faɗi."

Haka ya koya mini tafiya a hankali, abin da Anti Saratu ta fi nanatawa. Mutum mai gemu, mai ciwon gwiwa, yana rarrafe a gefena, Inna na dama koko tana ɓoye dariya da mayafi. Wata rana abokinsa direba ya yi sallama, aka ce ya shigo, ya tarar da mu a haka. Baba ko miƙewa bai yi ba, ya ce masa ya jira a zaure, aiki muke yi.

Wata huɗu ba mu ga canji ba. Inna ta ce a haƙura. Baba ya ce a ƙara wata ɗaya, da ya cika ya sake cewa a ƙara ɗaya.

Fitsarin ne ya fara raguwa. Sai wata safiya murfin tukunya ya suɓuce wa Inna a bayana, ni kuwa waiwayawa kawai na yi. Ta tsaya tana kallona, ta zauna a kan turmi ta fashe da kuka.

Mun fi shekara muna yi kafin in cika shafi guda ba tare da na fita layi ba. Na gama firamare, na yi sakandare. Ba zan ce komai ya tafi ba, rubutuna har yau ba kyau, kuma ban san nawa ne aikin motsin, nawa ne girma ya kawo ba. Amma yau da ɗinki nake ci da 'ya'yana, alhamdulillahi.

Iyaye, in yaronku yana yawan razana, yana tuntuɓe, rubutu ya gagare shi, ku ajiye bulala tukuna. Ku kai shi asibiti a duba ido da kunne, ku nemi ganin masu gashin ƙashi. Kada ku kwaikwayi abin da aka yi mini, kowane yaro da nasa. In an ba ku aikin gida, ku yi tare da shi, kada ku tsaya a kansa kuna umarni.

Anti Saratu, ban san inda kike ba, Allah ya saka miki da alheri. Inna, Allah ya ƙara lafiya.

Baba ya rasu ina aji biyar na sakandare. Ban taɓa yi masa godiya ba, don har ya bar duniya ni wasa na ɗauka muke yi. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.