Pani Leokadia da Lagireton Maƙwabcinta

Shekara talatin da ɗaya Pani Leokadia, wato Malama Leokadia a harshensu, ta yi tana gyaran injin saƙa a wata masaƙa da ke birnin Lodz. Ranar da aka rufe masaƙar, abokan aikinta suka fito suna hawaye, ita kuwa ta fito da sifana biyu a aljihu. Bayan rasuwar mijinta da auren 'yarta, ta rage ita kaɗai a hawa na huɗu na wani tsohon bene mai gida arba'in.

Duk shekara ba ranar da take ɗoki kamar ranar da ake sako ruwan zafi cikin bututu, a farkon Oktoba. Lagireton ɗumama ɗaki na benen duk na baƙin ƙarfe ne, sun girmi rabin mazauna gidan, tsatsa ta cinye gaɓoɓinsu. Da ruwa ya shigo sai su kama gurnani, wannan na ɗiga, wancan na tsartuwa. Mai gyara na ofishin gidaje kuwa sai ya yi mako biyu bai leƙo ba. Sai Leokadia ta ɗaura ɗankwali, ta rataya jakarta mai zaren rama da guntayen tsohon tiyub na keke, tana hawa tana sauka tana 'yar waƙa kamar mai zuwa biki.

Ƙofa ɗaya ce ba a taɓa buɗe mata ba, ta Pan Czeslaw, wato Malam Czeslaw, na hawa na uku, tsohon direban jirgin ƙasa.

"Pani Leokadia, na tuƙa ƙarfe shekara arba'in," in ji shi. "Ba wanda zai koya mini ƙarfe."

Shi gyaransa cingam ne. Ya tauna, ya liƙa a wurin yoyon, ya shafe da farin fenti. Shekara goma sha ɗaya yana haka.

Wata safiyar Asabar tana cikin murza ƙullin fulawa sai ta ji ana kiranta daga ƙasa, da wata siririyar murya. Ta sauka, ta tarar da ƙofarsa a buɗe. Ga Pan Czeslaw durƙushe cikin rigar barci, babban yatsansa danne a jikin lagireton, baƙin ruwa na gangarowa ta gwiwar hannunsa.

"Ina kwana, Pan Czeslaw. Addu'a ake yi?"

"Pani, yatsana na dahuwa."

"To ɗaga mu gani."

Ya ɗaga. Ruwa ya yi tsiri, ya tsallake tebur, ya sauka daidai kan hotonsa na bango, wanda yake sanye da hular aiki. Leokadia ta zauna a ƙasa cikin ruwan tana dariya har numfashinta na ɗaukewa. Ya harare ta, ya dubi hoton da baƙin ruwa ke zuba daga gashin bakinsa, sai shi ma ta kufce masa.

Ta tura shi ɗakin ƙasa ya rufe babban famfon layinsu. Ya tafi da silifa ƙafa ɗaya, ya yi kuskure ya rufe na benen gaba ɗaya. Kafin ta gama kankare fenti da busasshen cingam, ta naɗa roba ta ɗaure da ƙarfe, sanyi ya koro maƙwabta waje. Da suka ji abin da ya faru, ba wanda ya koma ɗakinsa. Suka cika kicin ɗin Leokadia, aka ƙarasa ƙullin nan, aka cusa masa dankali da cuku aka dafa. Pan Czeslaw na zaune a tsakiya da yatsa cikin kofin ruwan sanyi, an sa shi ba da labarin har sau huɗu, kowane karo ruwan na ƙara tsawo.

Daga ranar shi ke riƙe mata jaka. Yana biye da ita gida gida, yana gaya wa mutane kada su kuskura su sa cingam.

Bayan shekara uku aka cire tsofaffin ƙarafan, aka sa sababbi farare marasa nauyi. Oktoba ta zo, Leokadia ta zagaya hawa biyar, ba ɗigo ko ɗaya. Ta dawo ta zauna bakin taga. Can da hantsi Pan Czeslaw ya ƙwanƙwasa, yana haki, ya riga ya sa kwat.

"Pani Leokadia, benen tsallaken titi ba a canja nasu ba. Yanzu na ga wata mata tana zubar da bokiti ta taga."

"Wane hawa?" in ji ta, tana neman takalminta.