Yoyon Birkin Baba Haladu

Baba Haladu Direba ya rasu ranar Talata bayan la'asar. Ni ne Sule makaniki, wanda marigayin ya yi shekara goma sha ɗaya yana zagi a Gyaɗi-Gyaɗi. Ban iya dogon zance ba, amma akwai abin da na riƙe, yau zan sauke shi.

Kun san shi. Kullum da safe sai ya durƙusa a gefen tsohuwar motar nan tasa, wadda ta girmi rabin mutanen unguwa, ya dangwali abin da ya ɗiga a ƙasa, ya kai harshe.

Sai in ce, "Baba, man birki ne. Kalifa ce ke yoyo."

"Gumi ne. Kai ba ka gumi?"

Kalifa wani ƙarfe ne da ke matse tayar gaba idan an taka birki. In ta yi yoyo, mota ba ta tsayawa. Ba labari aka ba ni ba. A hanyar Zariya birki ya tsinke mana, mu bakwai, ni kaɗai na fita, da yatsa uku a hannun dama. Ba na wasa da birki. Shi kuwa cewa yake motarsa da kayan da aka haife ta da su za ta mutu.

Da man ya ƙare, sai ya kaɗa ruwan sabulu ya ɗura. Ranar nan ya gangaro ta Unguwar Gano, kumfa na fita ta taya, bai tsaya ko'ina ba sai cikin teburin tumatirin Maman Ladi.

"Wayyo Baba, ka kashe ni!"

"Kashe ki? Duba da kyau, baiwar Allah. Har wanke miki shi na yi!"

Ya tsuguna ya tsince mata tas.

Daga nan ya samo dutse ya ajiye a kujerar gaba. Duk wanda ya zauna a nan shi ke rungume shi, in an zo tsayawa ya dira ya tare taya. Kuma motar ba ta rabo da mutane, don duk marar lafiya ko mai naƙuda a layinmu shi ke kai su asibiti, kyauta. Wata nas, Sista Hauwa, ta ce, "Haba Baba, da farin kayana zan rungumi dutse?"

"To zo ki kama sitiyari, ni in riƙe dutsen."

Bara da damina na gaji. Na ɗaga motar a kan duwatsu a ƙofar garejina, na cire tayar, na kulle ta a shago. Na ce ba inda za ta sai an gyara. Na zaci zai tara mini jama'a. Shiru. Sai dai kullum ya zo ya shiga ciki ya kunna rediyo.

Na samo kalifa a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ya juya ta, ya ce ba dangin motarsa ba ce. Na kawo ta biyu, ya ce ta cika ƙyalli, shi bai yarda da mai ƙyalli ba. Ta uku kuwa sansanawa ya yi, ya ce warin hatsari take. Kai, Baba!

Sai na kwance tata ta asali, na wanke, na sa sabuwar roba. Saura fitar da iska. Wannan aikin mutum biyu ne: ɗaya yana taka birki, ɗaya yana ƙasa da sifana yana jiran mai ya feso. Na shiga ƙasa.

"Taka, Baba."

"Na taka."

Ko ɗigo.

"Taka da ƙarfi!"

"Na ce na taka, ɗan banza!"

Na fito na leƙa. Ƙafarsa tana kan birkin tana rawa, ya sa hannu biyu yana danna gwiwar. Birkin ko motsi bai yi ba. Ya dube ni, na dube shi. Can ya ce a hankali, "Tun azumi take haka."

A nan na gane. In motar ta tashi, gobe za a buga masa ƙofa da marar lafiya, kuma dole ya ce ba zai iya ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana tuƙi.

Na koma ƙasa, na ƙwanƙwasa ƙarfe, na ce, "Baba, wannan ma ba ta yi ba. Sai an sake nema."

Ya ɗaga murya yadda har 'yan adaidaita za su ji: "Da ma na faɗa, kai ba makaniki ba ne!"

Wata bakwai muna haka. Kun yi mini dariya, wasunku sun kwashe motocinsu sun kai wani gareji. Ban ce uffan ba. Yanzu kun ji.

Ranar Alhamis, bayan rasuwarsa, mijin Maman Ladi ya taka mini, na fitar da iskar. Birki ya kama. Dutsen yana nan a kujerar gaba, ban taɓa shi ba.

Allah ya ji ƙan Baba, ya sa waɗanda ya kai asibiti su zama shaidarsa ranar gobe. Yana kwance a maƙabartar Tarauni, kusa da katanga.