Ƙarar da Nake Ji a Tafin Ƙafata

Tun ranar da likita a Haɗejiya ya ce 'yata tana da sikila, hankalina ya koma kan motar maigidana. Ƙauyenmu yana can bayan Guri, cikin fadama. In ciwon ya tashi babu mai iya yi mata komai sai asibitin Haɗejiya, kuma motar nan ce kaɗai za ta kai mu. Tsohuwa ce, ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba. Kullum in na fito shara da safe sai na zagaye ta ina dubawa, alhali ban san me nake nema ba. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ina da ido, kuma tsoro ya ƙara masa kaifi.

Maigidana shinkafa yake ɗauka zuwa kasuwa, wani lokaci bandar kifi. A wurinmu abin kunya ne direba ya shiga Haɗejiya da mota fayau, sai a ce ya ƙona mai a banza. Ko ranar ganin likita ce, sai ya cika bayan motar da buhuna har rufi, ni da yarinya mu zauna a gaba. Shi ya sa na san abin da ke ƙarƙashin kujerar nan fiye da shi. Ƙafata ce take wurin.

Bayan ruwan wata damina ya ja baya na fara jin wata ƙara. Ƙwas, ƙwas, kamar ana buga muciya a gindin tukunya, daidai tafin ƙafata ta dama. A kwalta ba ta yi. Sai mun hau gargada, ko mun faɗa rami. Na kuma lura da wani abu: in muna tafiya da kaya sai ta yi ƙasa-ƙasa, in muna dawowa babu kaya sai ta fito fili. Da na durƙusa a gida na leƙa, na ga tayar gaba ta dama ta cinye ta ciki ta yi sumul, ta waje kuwa da sauran zanenta.

"Maigida, motar nan tana ƙara," na ce masa.

"Wace mota ce ba ta ƙara a hanyar Guri? Ko jaki ka bi da shi nan sai ya yi ƙara."

"Wannan daban ce. A ƙafata nake ji."

Ya yi dariya, ya ɗauki yarinyar ya ɗaga ta sama. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. "Uwata, kin ji? Mamanki ta zama bakanike. Gobe sai mu sayo mata sifana."

Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauka haka. Da na dame shi, wata ranar asibiti ya biya da mu gareji kafin ya sauke kaya. Na zauna a gindin darbejiya da yarinya a cinya ina kallo. Bakaniken matashi ne mai fara'a. Ya danna gaban motar da hannu biyu ya saki, ta yi ta lilo sama da ƙasa kafin ta tsaya. Ya leƙa ƙarƙashi ya shafo wani baƙin mai da yatsa.

"Shokozoba ce ta mutu, ga shi tana yoyo," in ji shi.

Ya kama tayar tana ƙasa ya girgiza, ba ta motsa ba. Ya dubi buhunan da ke ciki, ya dubi jak ɗinsa.

"In ɗaga ta? Sai an sauke kayan nan fa."

"Kai, Oga, wa zai sauke ya sake lodawa a wannan rana?" in ji maigidana. "Ai ka ga abin da ya lalace."

Suka ɗan zaga da ita a kan kwalta, suka dawo suka ce ba su ji wata ƙara ba. Washegari ya koma, da wani lodin kuma, aka canza shokozoba a kan ramin gareji, ba a ɗaga tayar ba. Lilon ya daina, gaskiya ne. Amma da muka sake shiga gargada, ƙarar tana nan inda na bar ta. Na buɗe baki zan yi magana, na ga yadda yake murna motarsa ta daina rawa, sai na yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Damina ta sake zagayowa. Wata safiya yarinyar ta tashi tana kuka da ƙafafu, idonta ya yi rawaya, tafin hannunta fari fat. Na san alamar, jini ne ya yi ƙasa. Ranar ce karo na farko da maigidana ya kama hanyar Haɗejiya babu buhu ko ɗaya. Ruwa ya cika fadama dama da hagu, ciyawar kachala ta fi mutum tsayi, hanyar ta zama siririn tudu a tsakiya. Yana gudu, ƙarar tana dukan ƙafata kamar za ta huda ƙarfen. Wannan karon shi ma ya ji. Ya dube ni, ya mai da idonsa kan hanya.

Mun faɗa wani rami da ruwa ya rufe, sai na ji ƙau. Gaban motar ya durƙusa ta ɓangarena, ta ja ƙasa ta tsaya a bakin ruwa. Da muka fito, tayar ta kwanta a karkace cikin gidanta, kamar ƙafar akuyar da ta karye.

Ba ranar kasuwa ba ce, kuma saboda ruwa motoci sun rage bin hanyar. Waya ba ta shiga. Maigidana ya cire rigarsa ya yi wa yarinyar inuwa, can ya ajiye ya ruga gaba neman taimako, can ya dawo. Kukanta ya yi ta raguwa, ni kuma na fi son kukan da wannan shirun. Da hantsi muka tsaya a wurin. Sai bayan azahar wani mai babur ɗauke da jarkokin madara ya zo, ya sauke su a gefen hanya ya ɗauke ni da ita. Ana kiran la'asar muka shiga asibiti.

An ƙara mata jini, ta rayu. Amma da ta farka, hannunta na hagu da ƙafar ba sa motsi, bakinta ya ɗan karkace. Na tambayi likita ko da mun zo da wuri da hakan bai faru ba. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Da ya ce mini ɗaya daga ciki, da na san inda zan ajiye zuciyata.

Ranar da aka sallame mu, mun biya garejin, don can aka jawo motar. Ubangidan matashin nan, wani dattijo, shi ya karɓi aikin. Ya nuna mana wani ƙarfe mai dunƙulallen kai, ya ce bol joyin sunansa, shi ke riƙe taya ta ƙasa. Robar da ke rufe shi ta yage tuntuni, ruwan fadama da yashi suka shiga suka cinye shi har kan ya fita daga gurbinsa.

"Baba, ana iya ganewa kafin ya fita?" na tambaye shi.

"Zo ki gani, 'yata."

Ya sa jak ya ɗaga ɓangaren hagu har tayar ta bar ƙasa. Ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza. Ƙwas, ƙwas. Ita ce, ba ta canza ba.

"Wannan ma ya kusa. In taya tana ƙasa, ga nauyi a kai, ba ta faɗa maka gaskiya. Sai ka ɗaga ta."

Duka-duka bai kai a dama fura ba ya gama. Maigidana ya juya baya ya tafi wajen famfo, ya daɗe yana wanke fuska.

Yanzu shekararta biyar. Tana jan ƙafa in za ta bi sa'o'inta, in sun yi mata nisa sai ta zauna a ƙasa ta jira su dawo. Ubanta ya daina wasa da dariya irin na da. Motar tana nan, an gyara, kuma ciwon zai sake tashi, likita bai ɓoye mana ba. Hanyar ma tana nan yadda take.

Ga roƙona gare ka mai karatu. In wanda ke zaune a gefenka ya ce yana jin ƙara a ƙarƙashin mota, ko mace ce, ko ba ta san sunan ƙarfe ko ɗaya ba, ka sauke kayanka, ka sa a ɗaga tayar a girgiza ta. Kuma in ka idar da salla, ka sa 'yata a addu'a.