Fasinjan da Na Kai Mirriya

Ban taɓa mantawa da ranar da Sarjan Habu ya zo garajinmu na Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, da akwatin ƙarfe a ka ba. Lokacin sanyi ne, shekarar 1965, ina tuƙa kamiyon wani Alhaji ɗan Maradi, babbar motar kaya: mu kai dabino da sukari Damagaram, mu dawo da gero da lalle.

Ku matasan yanzu ba ku san hanyar a wancan zamani ba. Babu kwalta, kuma mota ɗaya ba ta fita ita kaɗai, sai an haɗa ayari. Kafin tashi, shofer, wato direba, ya je wurin jandarma ya nuna gangunan ruwa da na mai, ya gabatar da fasinjojinsa. In ayari ya makara, jandarman gaba ne za su fita nema.

Sarjan Habu mai gadin garajin ne, dogo, mai furfura, yatsu biyu na ƙafarsa ta hagu babu. Duk dawowata daga kudu, kafin in kashe mota yana bakin ƙofa.

"Isufu, an yi ruwa a Mirriya?"

"An yi, Baba."

"Gero ya fid da kai?"

In na ce ya gaya mini gidansu in je in gaishe su, sai ya ce, "A'a, bar su." Ya koma kan bencinsa.

Wata ranar Juma'a muna shan shayi ya ba ni labarin. Da Jamus suka tayar da yaƙi, suna neman ramuwar kayen da suka sha a yaƙin farko, Faransa ta aiko ƙasashen da take mulka a ba ta soja. Aka ɗauki ƙanensa Sani. Shi Habu ba a kira shi ba, uwarsu ce ta ce, "Bi shi, ka dawo mini da shi."

"Ba mu san abin da ya haɗa su faɗa ba," in ji shi. "Mun dai ga teku, mun ga ƙanƙara."

Jamus suka ci Faransa, aka kama Habu da Sani, aka tsare su a wani sansani suna saran itace a daji. Can sanyi ya cinye masa yatsu, ya shiga ƙirjin Sani. Habu da kansa ya yi masa wanka, ya yi masa salla da mutum uku, ya sa shi a ƙasar da sai da aka fasa ta da diga.

Da yaƙi ya ƙare aka sallami abokansa, shi ya sake sa hannu a soja. Aka kawo shi Aljeriya. Da ya ajiye kaki ya yi kuku a sansanin Faransa na In Ekker, ya gangaro kudu har Tamanrasset, nan ƙafarsa ta tsaya.

"Me zan ce wa Inna?" Tambayar da ya yi mini ke nan.

Ranar da ya zo da akwatin, tari ya riga ya kama shi. Ya ce, "Irin na Sani ne. Ina son in ga gida." Na kai shi wurin Alhaji. Alhaji ya dube shi ya ce, "Sa shi gaba kusa da kai, kada iska ta buge shi."

A wurin jandarma aka sami cikas. Takardarsa ta sojan Faransa ce, su kuwa mutanen Aljeriya ba su daɗe da korar Faransa ba. Shugabansu ya juya ta, ya ɗaure fuska, ya tambaye ni da Larabci inda tsohon za shi. Na ce gida, wurin uwarsa. Sai ya ce shi ma babansa ya tafi wancan yaƙin, a Italiya aka binne shi. Ya buga hatimi.

Da muka wuce In Gezzam muka shiga ƙasar Nijar, ya roƙi in tsaya. Doka ba ta yarda a bar ayari ba, amma na yi wa na gaba fitila, muka tsaya duka. Ya sauka ya yi raka'a biyu a kan rairayi. Bayan Agadas, da muka fara ganin karan gero, sai ya riƙa kiran sunan kowane icce da muka wuce: ga aduwa, ga gawo, ga kurna.

Na sauke kaya a Damagaram, na kai shi Mirriya, nan kusa, da kaina. Wata mata mai daka a ƙofar gida ta ɗago, ta saki taɓarya. Ƙanwarsa ce, Hadiza, wadda ya bari ba ta isa aure ba. Uwarsu ta rasu damina biyu da suka wuce.

Ya zauna a ƙasa ya ce, "Hadiza, ban dawo da Sani ba."

Ta ce, "Yaya, ai mun sani. Waɗanda aka sallama sun gaya mana tun shekarar da yaƙi ya ƙare. Inna ta yi kukanta, ta yi masa sadaka, ta haƙura. Kai ne ba ta haƙura da kai ba. Duk motar da ta ji, sai ta ce a leƙa."

Na fita na tsaya jikin kamiyo, don ba wurin zamana ba ne.

Ya ga damina ɗaya a gida, sannan ya rasu, aka binne shi kusa da uwarsa.

Na yi shekaru masu yawa a wannan hanya bayan haka. Abin da nake gaya muku shi ne, yaƙi ba ya ƙarewa ranar da manya suka ce ya ƙare. Wasu a tasha yake ajiye su har su tsufa. In kun ga mutum yana yawan zagaya mota, ba shi da kaya, bai tambayi kuɗin mota ba, ku yi masa tayin kujera. In ya ƙi, gobe ku sake yi masa.