Sandunan da Aka Kafa a Tudun Yashi

A shekarar da ruwan tafki ya janye da wuri, wani tudun yashi ya fito a gaban ƙauyenmu, kusa da Wara. Tsuntsaye suka zo suka cika shi. Ƙanana ne masu dogayen ƙafafu, ba sa sheƙa a bishiya, sai dai su ɗan tona yashi su zuba ƙwai, launinsa ɗaya da ƙasar. Ta nan kuma shanu ke bi zuwa shan ruwa.

Wani malamin firamare ne ya tara 'yan sa kai, masunta da manoman albasa, don a tsare wurin. Maigidana na cikinsu. Da ya dawo daga taron ina tankaɗe, ya ce makiyaya sun yarda su kauce, sai dai ba mai ganin ƙwan nan sai kofato ya fasa shi.

Na ce, "To Malam, in kun sa tarkon kifi a ruwa, ba sanda kuke cakawa ku ɗaura tsumma don ku gane wurin ba? Ku yi wa ƙwan haka mana."

Ya yi dariya, ya ce ashe sakandaren nan tawa ba a banza aka yi ta ba. Washegari ya kai shawarar, aka karɓa. Na ɗauko wani tsohon zanena ja na yayyaga shi, raina fari ƙal. A Islamiyya an koya mana akwai lada a tausaya wa duk mai rai, ni kuwa na ɗauka ga rabona ya zo har tsakar gida. Kowane gurbi aka kafa masa sanda, shanu suka riƙa kewayewa.

Bayan kamar kwana goma sai na ga maigidana ya daina zancen. Na matsa masa, ya ce in shirya mu je. Mahaifiyata, wadda a bakin kogin nan ta tashi tun ba a datse shi ya zama tafki ba, ta ce sai ta bi mu.

Tun daga nesa muka hango su. Kusan kowace sanda da hankaka a kanta, ya yi zaune abinsa.

Inna ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Wa ya ba ku wanga wayo? Kun kafa ma hankaka kujera, kun kuma nuna mishi akushi."

"Mu duka muka yanke, Inna," in ji maigidana.

Na ce, "Ni ce, Inna."

Na durƙusa gindin wata sanda, ga ɓawon ƙwai a fashe, tururuwa na jan abin da ya rage. Uwar ƙwan tana can gefe tana gudu tana jan fiffike a ƙasa, tana kuka, wai ta janye mu daga gurbin da ba komai a cikinsa. Ɓoyuwar nan da muka ɗauka matsala ce, ashe da ita Allah Yake tsare su.

A ranar aka tuge sandunan, amma hankaki sun riga sun gane wurin. Kaɗan ne suka ƙyanƙyashe. Daga baya 'yan ƙungiyar suka koma karɓa-karɓa, kullum mutum ɗaya ya tsaya daga nesa ya nuna wa makiyaya hanya.

Ba wanda ya taɓa goranta mini. Malamarmu ta Islamiyya ta ce niyyata Allah Yake dubawa, na kuma yarda. Duk da haka na yi ta istigfari, kuma har yau in na fasa ƙwai a kicin sai gabana ya faɗi.

Shekara biyu tudun yana fitowa ba tsuntsu ko ɗaya a kansa. Bana maigidana ya ce ya ga 'yan kaɗan sun sauka can ƙarshensa, ya tambaye ni ko zan je in gani.

Na ce, "A'a Malam, a bar su. Ko sawuna ma hankaka na iya bi."